A Bakin Tukunyar Yashi

Litinin, 28 ga Oktoba, ƙarfe shida na safe

'Yata Dami ce ta saya mini wannan littafi tun bara, wai in riƙa rubuta abin da ke raina. Na ce mata abin da ke raina ubanta ne, ga shi nan kullum a gabana yana sakace, me kuma zan rubuta? Na jefa shi ƙasan akwatin barguna. Yau na ciro shi.

Ranar Juma'a takardun asibiti suka iso, sakamakon gwajin da Oga Tak, shugaban aikinmu a garejin gyaran jiragen ruwa, ya tilasta wa kowa yi. Shekara da shekaru ina zillewa, bana ya tsaya a kaina har na shiga mota. Ta Baban Dami shafi ɗaya. Tawa shafi uku, da jan layi a ƙasa.

Na miƙa masa tasa. Ya karanta, ya daki ƙirji ya ce, "Maman Dami, kin ji? Huhun saurayi gare ni. Ki kama ni da kyau, kar 'yan mata su ƙwace."

Na ce, "Su zo su ɗauka, har da safarka mai wari."

Ya ce ina tawa. Na ce ba ta iso ba.

Tana cikin buhun shinkafa. A gidan nan kaf, nan ne na tabbata hannunsa ba zai taɓa kaiwa ba.

Talata, 29 ga Oktoba, lokacin abincin rana

An jawo jirgin kamun kifi mai lamba bakwai kan gangare. Tsatsa ta ci cikinsa har mutum ya ji tausayi. Oga Tak ya zagaya shi ya ce sati biyu, in ruwan sama ya bar mu.

Kamar kullum, ni na shirya Baban Dami don feshin yashin da ke kankare tsatsa. Rigar fata, safar hannu, sannan hular nan mai gilashi wadda tiyon iska ke shiga ta ƙeyarta. Na canja matatar iska, na ɗaura masa ƙyalle a wuya don kar yashi ya kutsa, na ƙwanƙwasa hular sau biyu da yatsa. Ya ɗaga mini babban yatsa ya shige ƙarƙashin tamfol, ya rungumi tiyon feshi kamar mai kokawa. Ni kuma na koma bakin tukunyar da ke tura masa yashi, na yanka buhu, na zuba, na buɗe makunni.

Shekara ashirin da shida ke nan ina tsaye a wannan wuri. Kafin nan ina cikin matan da ke ɓamɓare tsatsa da guduma. Wata rana mai tsaron tukunyarsa ya yi gyangyaɗi, mota ta taka tiyon iska, aka fito mini da miji leɓensa ya yi shuɗi. Washegari na ajiye guduma na ce wa tsohon oga, daga yau ni zan riƙe wa mijina iska. Aka yi ta dariya. Mijina kaɗai bai yi ba.

Yau da na yanka buhu na huɗu sai na tsaya ina kallon abin da ke tashi daga bakinsa. Rana ta haska shi, yana ta wasa a iska, har da kyau. Ban taɓa tsayawa na kalle shi ba. Na ja tawul ɗina na rufe hanci.

Laraba, 30 ga Oktoba, da yamma

Matakala casa'in da shida ce daga titi zuwa ƙofarmu. Na tsaya a ta arba'in, na ce masa ina kallon teku.

Ya ce, "Tekun da kika wuni a bakinsa?"

Na ce daga sama ya fi kyau.

Alhamis, 31 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Ruwan sama, babu aiki. Na ce masa zan shiga kasuwa duba barkonon kimchi, kabejin nan da muke tsimawa da yaji. Na haye gada na tafi asibiti.

Likitan bai fi sa'ar Dami ba. Ya kunna hoton a allo, ya nuna mini da biro. Huhun mutum baƙi ya kamata ya fito a hoto, ashe. Nawa kamar an watsa masa gishiri. A sama ta dama kuma akwai wani dunƙule da ya daɗe yana kallo.

"Mama, kina shan taba?"

"A'a."

"Wane aiki kike yi?"

Na gaya masa. Ya ce ai masu feshi suna da hular iska. Na ce mijina ne mai hular, ni mai zuba yashi ce. Ya ce da me nake rufe fuska. Na ce akwai takunkumi, amma yana shaƙe ni, kuma in na sa ba na iya yi wa mutane ihu. Ya ajiye biron.

Ya faɗi sunan abin. Ba zan rubuta shi a littafin da 'yata ta saya mini ba. Ya ce yashin da, farin nan na bakin kogi da muka yi shekaru muna zubawa kafin a kawo baƙin, shi ya fi yin ɓarna. Ya ce kada in sake tsayawa cikin ƙura ko na yini ɗaya. Dunƙulen kuma sai an ɗebo kaɗan an duba, ranar ashirin da shida ga wata mai kamawa. In zo da mijina.

Na sayi barkono a hanya don kar in koma hannu rabbana. Ban ko duba shi ba, ashe tsoho ne. Baban Dami ya sunsuna ya ce, "An cuce ki." Na ce to, an cuce ni.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, da safe

Ban gaya masa ba. Zan je aiki.

Asabar, 2 ga Nuwamba, bayan tashi daga aiki

Na sa takunkumi yau. Oga Tak, da ke kiran mijina Yaya, ya gani ya ce, "A'a, matar Yaya, yau wace rana? Shekara nawa ina roƙonki!" Na ce mura ce, ya kama gabansa.

Da muka tashi muka je shagon abincin Yaya Malja, maƙwabciyar garejinmu, kamar kowace Asabar. Mazan suka sa a gasa musu kitsen alade, wai yana wanke ƙurar maƙogwaro. Mijinta ma haka ya riƙa cewa. Mai feshi ne, shekara tara da rasuwa.

Baban Dami ya naɗe nama a ganye ya tura mini a baki a gaban kowa. Aka yi ta shewa. Ya ce, "Ku yi shewarku, wannan ce ke riƙe da raina." Na ce ya ci abinci ya daina surutu. Sai tari ya taso mini. Na fita bayan shago na jingina da bango har ya lafa.

Da na juyo, Yaya Malja na tsaye da ludayi a hannu.

"Tun yaushe?"

"Mura ce, Yaya."

"Ni za ki gaya wa mura? Shekara huɗu ina kwana da wannan tarin a gefena. Ya sani?"

Na girgiza kai.

"Ke, ba ki da hankali. In kika bari ya ji a bakin wani, ba zai yafe miki ba."

Na ce bari a gama jirgin nan tukuna. In na bar tukunya, wa zai tsaya masa? Ba ya yarda da kowa. Ta kalle ni, ta kalle ni, sannan ta shiga ta ɗauko saiwar doraji, wadda ake sha don tari, da kwalbar zuma ta cusa mini a jaka. Ta ce, "Ba ya magani. Amma ki sha."

Litinin, 4 ga Nuwamba, da yamma

Ban gaya masa ba. Matakala ta talatin da biyu. Na ce takalmina ne ya kwance.

Laraba, 6 ga Nuwamba, lokacin abincin rana

Mun gama gefe ɗaya. Ba na gajiya da ganin wannan: ya yaye tamfol, ga ƙarfe fari sol kamar yau aka ƙera shi, babu ɗigon tsatsa, masu fenti suna rige-rigen shafa na farko kafin iskar teku ta taɓa shi. Ya cire hula, gashinsa sharkaf, ya shafa jikin jirgin da bayan safar hannu. Ya ce, "Duba nan. Ba wanda ya isa ya yi wannan a tsibirin nan."

Na ce, "Wa ya daidaita maka yashin?"

Ya ce, "Wata tsohuwa mai faɗa."

Fuskarsa in ya fito daga hula tas take, sai shatin roba a goshi. Ni kuwa in na wanke tawa, ruwan baƙi ƙirin. Kullum haka ne. Mun sha yin dariyar wannan.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, da safe

Ban gaya masa ba.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, ƙarfe sha ɗaya na safe

Zazzaɓi ya kwantar da ni tun jiya. Da safe na ji ana ƙwaramniya a kicin, tukwane na faɗuwa. Na ce a raina, mutumin nan me yake nema? Ashe kunun shinkafa zai dama mini. Shekara talatin da ɗaya da aure, yau ya ga damar taɓa buhun shinkafa.

Sai ƙwaramniyar ta tsaya.

Na daɗe a kwance ina sauraron shirun. Da na fito, yana zaune a ƙasa gaban ƙaramin teburi, takardar a buɗe, ƙwayoyin shinkafa a kanta. Tabarauna ne a fuskarsa, mai jan firam, don bai ga nasa ba. Ruwa na tafasa a kan wuta babu komai a ciki.

"Yaushe ta zo?"

"Ran da taka ta zo."

Ya ƙirga da yatsu. "Kwana goma sha shida. Kina yanka buhu. Ina ciki ina fesawa, ke kina waje kina sha."

"Na sa takunkumi."

"Yaushe? Satin nan?"

Ya cire tabaran, ya naɗe shi a hankali kamar zai fashe, ya ajiye. Ya tashi ya kashe wuta. Ya sa takalmi ya fita, ko jaket bai ɗauka ba.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Ya dawo da kunu a roba daga shagon Yaya Malja. Ya juye a kwano, ya hura, ya ajiye a gabana. Bai ce uffan ba. Idonsa ja.

Na sha duka, don yana kallo.

Litinin, 11 ga Nuwamba, da rana

Bai je aiki ba. Yana share gida. Ya fitar da kayan aikinmu gaba ɗaya ya ƙulle a leda ya ajiye a waje, ya goge ƙasa sau uku, ya hau kujera yana goge saman kwaba. Har yanzu bai yi mini magana ba. In zan ɗauki abu sai ya riga ni.

Na fi son ya yi faɗa.

Talata, 12 ga Nuwamba, da yamma

Oga Tak ya hawo da kwalin lemo, yana haki. Ya durƙusa a bakin ƙofa, bai ko cire hula ba ya fara: "Matar Yaya, laifina ne. Da na kore ki daga aiki ran da kika fara ƙin sa takunkumi."

Na ce, "Ka kore ni? Kai ɗin? Shigo ka zauna."

Ya ce rabin jirgin na nan, mai jirgi da mutanensa goma sha ɗaya suna jira, lokacin kifi na wucewa. Bai roƙa ba, ya dai faɗa. Sai ga bakin Baban Dami ya buɗe, karo na farko tun Lahadi.

"Na bar feshi. Ka nemi wani."

"Yaya..."

"Na ce na bari. Duk ƙurar da ke ƙirjinta ni na harba ta. Da hannun nan."

Na ce, "Ni kuma na zuba. Ko kai ka yanka buhunan?"

Ya juyo kaina. "Kowace safiya kina canja mini matata. Kowace safiya! Ko ɗaya ba ki taɓa mantawa ba. Ke kuma tawul. Ina kallonki ta gilashi da tawul, shekara ashirin da shida, ban taɓa cewa komai ba. Wane irin miji ne wannan?"

"Ka faɗa. Na ce ka rufe mini baki."

"To me ya sa na rufe?"

Sai ya fashe da kuka. Na ga kukansa sau ɗaya, ran da aka binne uwarsa, shi ma a bayan gida ya ɓuya. Wannan kuwa a gaban Tak, baki buɗe kamar yaro. Tak ya rasa inda zai sa kansa, ya fara ɓare lemo, ya ɓare guda biyar ba wanda ya ci. Na matsa na dafa ƙeyarsa, daidai inda tiyo ke zama, fatar wurin ta yi kanta. Na ce ya isa, maƙwabta za su ce na mutu.

Ya ce, "Kada ki ƙara faɗin wannan kalmar a gidan nan."

To. Ba zan ƙara ba.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, da safe

Ya kira Dami ba da sanina ba. Tana hanya daga birnin Daejeon inda take koyarwa, ta bar 'yan ajinta a hannun wata malamar.

Asabar, 16 ga Nuwamba, ƙarfe uku na rana

Kwana biyu Dami tana mulkin gida. Ta karanta takardar ta fi likita sani. Ta yi wa ubanta faɗa, ta yi mini, ta yi wa Oga Tak ta waya. Ta ce mu tattara mu koma wurinta, akwai lif mai hawa da mutum sama a gininsu, babu ƙura. Ubanta ya ce to. Ni na ce babu inda zan je, ban san kowa a can ba, babu teku, me zan kalla? An bar maganar a haka.

Jiya tana tsefe mini gashi ta ce, "Mama, kin san tun ina ƙarama in na buɗe abincina a makaranta sai na tauna yashi? Ban taɓa gaya miki ba. Na ɗauka haka shinkafar kowa take." Muka yi dariya har tari ya kama ni. Ta rungume ni ta baya, ta kifa fuska a bayana, ba ta sake ni ba sai da rigata ta jiƙe.

Yau da safe na kira ubanta ɗaki na rufe ƙofa. Na ce ya je ya ƙarasa jirgin.

"A'a."

"Shekara talatin da uku kana aikin nan, ba ka taɓa barin jirgi rabi fari rabi tsatsa ba. In za ka bari, ka bari. Amma ba a haka ba. Duk ran da ka wuce ta wurin sai ranka ya ɓaci, kuma a kaina za ka huce."

"Wa zai tsaya a tukunya?"

"Tak."

"Tak? Mutumin da ke barci a tsaye?"

"Zan sa masa ido daga benen Yaya Malja. Taga a rufe."

Can ya ce, "Da takunkumi zai tsaya."

Na ce har biyu in kana so.

Litinin, 18 ga Nuwamba, lokacin abincin rana

Yaya Malja ta shimfiɗa mini bargo a bakin taga, ta manne gefen gilashin da tef. Daga nan komai na gani. Tak da kansa ya shirya shi, yana ta laluben igiya. Na kira shi a waya na ce ƙyallen wuya, ƙyallen wuya! Ya ɗaura. Bai ƙwanƙwasa hular ba. Baban Dami ya tsaya cak yana jira. Sai na ga ya ɗaga hannu ya ƙwanƙwasa wa kansa, sau biyu, ya shige.

Ko ta gilashi ina jin sautin. In yashi ya yi yawa muryar tiyo na kauri, in ya yi kaɗan tana tsiwa. Sau bakwai na kira Tak kafin azahar. A na bakwai ya ce, "Matar Yaya, don girman Allah, da wane hannu zan riƙe makunni?"

Yaya Malja ta hawo da shayi ta zauna kusa da ni. Muka zuba ido. Daga nesa wurin tukunya hazo ne kawai, da mutum a tsakiya. Ta ce, "Haka nake hango ki kullum." Na ɗauki shayin na kurɓa.

Laraba, 20 ga Nuwamba, da yamma

Ruwa. Ya wuni yana koyon miyar ganyen teku. Gishiri kamar ya ɗebo tekun gaba ɗaya. Na ce ta yi daɗi. Ya ɗanɗana ya ce, "Ƙaryarki ba ta ƙare ba ashe."

Juma'a, 22 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

An gama.

Ya yaye tamfol na ƙarshe da kansa. Masu fenti suka taso, ya ɗaga musu hannu su dakata. Ya bi jikin jirgin daga gaba har baya a hankali yana dubawa. Ya sami wani ɗan wuri kusa da farfela, ya sa Tak ya sake buɗe makunni, ya fesa shi na ɗan lokaci. Sannan ya cire hula, ya naɗe tiyon iska a hannu da kyau, ya miƙa wa Tak. Tak ya ƙi karɓa. Ya ajiye masa a kan tukunya.

Ya yi wanka a can, ya canja kaya daga sama har ƙasa kafin ya hawo bene. Yana ƙamshin sabulun gareji. Ya zauna a gefena muna kallon jan fenti yana rufe farin ƙarfe.

Na ce, "Ya yi kyau."

Ya ce, "Yashin bai daidaita ba. Mutumin nan bai iya ba."

Lahadi, 24 ga Nuwamba, da rana

Kimchin sanyi. Kabeji arba'in. An hana ni taɓa komai, an zaunar da ni a kujera da bargo kamar surukar gida. Yaya Malja da matan layinmu suka zo, shi kuma ya sa safar hannu ta roba mai ruwan hoda ya tsuguna a tsakiyarsu. Sun same shi yau. "Baban Dami, a hankali, ba jirgi ba ne!" "Ka ga hannu, ganyen ya mutu!" Ya ce su yi ta yi, shi dai ya san kowane lungu sai ya shafa masa yaji, ba irin aikinsu na ganin ido ba.

Da tsohon barkonon nan aka haɗa. Ba wadda ta yi magana.

Talata, 26 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai na safe

Ba ci, ba sha. Ya guga mini riga, ya ƙona gefen. Mun tafi asibiti a ɗebo dunƙulen.

Alhamis, 28 ga Nuwamba, da rana

Na dawo gida. Gefena na ciwo. Sai Talata za a faɗi sakamako.

Matakala: mun yi ta a zama huɗu. Ya ɗauko ƙaramar kujerar roba, in na tsaya ya ajiye mini. Ba na cewa ina kallon teku yanzu. Amma muna kallonsa.

Asabar, 30 ga Nuwamba, da safe

An saki mai lamba bakwai cikin ruwa. Mun ji ƙahonsa daga gida.

Litinin, 2 ga Disamba, da yamma

Gobe.

Talata, 3 ga Disamba, ƙarfe biyar na yamma

Dunƙulen ba abin da ake tsoro ba ne. Ƙurar ce ta taru wuri ɗaya. Likita ya faɗa sau biyu don Baban Dami ya ce bai ji ba. Sauran kuwa yana nan, ba zai fita ba, kuma zai ci gaba da tafiyarsa. Amma a hankali, in na kiyaye. Shekaru, ya ce. Bai ce nawa ba, ni ma ban tambaya ba.

Shi ne ya yi ta tambaya. Ya zo da takarda, ya rubuta abu goma sha huɗu: me zan ci, wane zafi ɗaki zai yi, hayaƙin suya fa, matakala fa. Likita ya ce in riƙa hawa, sannu-sannu, yana da amfani. Ya rubuta "sannu-sannu" ya ja layi. Na kira Dami, ta yi ta kuka a farfajiyar makaranta, ina jin yara na tambayarta wa ya dake ta.

Ya ce in jira shi a bakin ƙofa zai karɓo magani. Layin ya yi tsawo, ƙafata ta gaji, na hango benci a rana can gefe, bayan wata bishiya. Na je na zauna. Rana mai daɗi. Na lumshe ido.

Can na ji muryarsa. "Maman Dami! Maman Dami!" Na hango shi a bakin ƙofa da ledar magani, yana juyawa hagu da dama, mutane na ratsa shi. Na buɗe baki in amsa, muryar ba ta kai ko'ina ba. Ya shiga ciki da gudu, ya fito. Ya tare mai gadi, ya sake shi. Sai ya tsaya a tsakiyar fili, mutum mai shekara sittin da ɗaya, ya ɗaga kai ya kurma ihu da muryar da ake ji a kan ƙarar inji:

"Okbun! Ke Okbun!"

Sunana. Tun ran da aka haifi Dami ban ji shi a bakinsa ba. Ni kaina sai da na ɗan yi jim kafin na gane da ni ake. Na ɗaga hannu.

Ya iso yana haki, ya tsaya a kaina. "Na ce ki jira a ƙofa."

Na ce, "Sake faɗa."

"Faɗa me?"

"Abin da ka faɗa yanzu."

Kunnensa ya yi ja. "Tashi mu tafi, kin sa duk asibiti na kallona."

Na ce ba inda zan je. Na gyara zama, na ja bargon wuyana. Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya ajiye ledar a kan benci. Ya zauna kusa da ni yana kallon takalminsa.

"Okbun," ya ce, ƙasa-ƙasa. "Me kike so ki ci?"